Zankon Katikis

A gidan hayar da muke zaune a Sabon Gari, bayan layin masu walda, an yi wani zakara da ake kira Katikis. Maƙwabcina Dominic ne ya raɗa masa sunan tun yana da lafiya, wai don ya fi katikis ɗin cocinsu iya tada mutane addu'ar safe, kuma shi ma ba ya sauraron uzurin kowa. Ja ne wur, wutsiyarsa baƙa mai sheƙin kore. Amma abin kallo a jikinsa zanko ne. Ya yi girma har ya karye gefe guda ya rufe masa idon hagu, in zai dube ka sai ya juyo da kai gaba ɗaya, kamar dattijon da bai yarda da maganarka ba. Nakan zauna a ƙofar ɗakina da laimomin da ake kawo mini gyara, in yi ta kallon zankon nan yana sauya launi. Da safe ja ne mai haske, in rana ta take sai ya yi duhu kamar zoɓo, in kuwa ya fusata sai ya kumbura ya miƙe.

Dominic kafinta ne, mutumin kudancin Kaduna. Yawancin bencinan cocinsu shi ya ƙera su, kuma shi ke ba da waƙa ran Lahadi. Matarsa Winifred, wadda kowa ke kira Maman Diana, figar kaji take yi a kasuwar Sabon Gari. Wata safiya cikin damina ya sunkuya zai ɗauki zarto, sai ya kife. Hawan jini ne. Da aka dawo da shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Yana gane kowa, in an yi abin dariya yakan yi da rabin baki, amma kalma ko ɗaya ba ta fita. Likita ya ce jini ne ya tsaya a wani wuri cikin ƙwaƙwalwa, wurin ya mutu.

"Ni ba tafiya nake roƙa masa ba, Baba," Maman Diana ta ce da ni wata rana tana shanya zanin gadonsa. "Zan iya ɗaga shi, zan iya yi masa wanka. Ya dai buɗe baki ya ce Winifred, ko sau ɗaya ne. Duk garin nan shi kaɗai ya rage mai kirana da sunana."

Kullum kafin ta tafi kasuwa takan zaunar da shi a kujera ƙarƙashin gwabar da ke tsakar gida, ta bar abincin ranarsa a wurina. In rana ta yi tsaka in buɗe masa in ɗora a kan cinyarsa. Da hannun hagu yake ci, a hankali, kuma ba ya son a taimaka masa.

Katikis ne ya fara lura da cewa gefen dama na kujerar ba shi da mai gadi. Ran nan ya zagayo ta can, ya yi tsalle ya hau hannun kujerar, ya karkato kai ya duba kwanon da idonsa ɗaya, ya figi yankan kifi ya dire. Na tashi zan kore shi, sai na ji wata murya mai tsatsa a bayana.

"Kai."

Na waiwaya. Dominic ne, jijiyar wuyansa ta tashi, yana kallon zakaran yana haɗiye kifinsa.

Daga ranar ban ƙara korar Katikis ba. Shi ma bai taɓa fashi ba, yana jin ƙarar murfin kwano zai fito daga ƙarƙashin tankin ruwa yana taƙama. Bayan "kai" aka samu "sauka". Bayan "sauka" aka samu "ɓarawo". Da damina ta fara janyewa har an kai ga "ɗan banza", da wasu kalmomin da ban taɓa zaton kafintan coci ya san su ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in ni na ce masa ya faɗi "ɓarawo" sai ya yi ta motsa leɓe, gumi ya tsattsafo masa, ba abin da zai fito. Amma zakaran na taɓa kwanon, kalmar za ta faɗo da kanta kamar gwaba nunanniya. Na kuma lura ya fara tura kifin gefen kwano, can kusa da hannun kujera.

Wata Alhamis ya haɗa magana guda cif: "Ɗan banza, bar mini kifina."

Na jira Maman Diana a ƙofar gida na gaya mata tun ba ta sauke kaya ba. Ta shiga da sauri ta durƙusa gabansa.

"Baban Diana, dube ni. Wace ce ni?"

Ya dube ta. Bakinsa ya karkace, ya yi ta ƙoƙari har hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Katikis kuwa ya riga ya hau katanga ya kwanta.

Ran Lahadi ta ji da kunnenta, amma an yi rashin sa'a, matan ƙungiyar zumunta ta cocinsu sun zo gaishe shi bayan an tashi coci. Suna tsakiyar addu'a zakaran ya hau kujera, Dominic ya danna masa wani zagi da ya sa shugabar mata ta manta inda ta tsaya. Da suka tafi Maman Diana ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da ɗankwali.

"Mutumin da ya tsufa yana ba da waƙa a gaban bagade, yau bakinsa sai ashar? Wannan ba maganarsa ba ce, Baba. Ciwon ne ke magana."

A cikin kwanakin nan ne na kai wa wata mai kaji babbar laimarta a kasuwa. Wanda bai taɓa shiga layin masu figa ba bai san yadda gashin kaza ke tashi cikin tururi ba, ya yi sama a hankali kamar yana tunanin inda za shi. Ina tsaye ina kallo sai ga wata budurwa da shuɗiyar kula a hannu. Matan layin suka ɗauki shewa.

"Ga amaryar zakaru ta iso."

"Busola, har yanzu miyar zankon ba ta nuna ba? Ku 'yan jami'a wutarku ba ta ci."

"Ta nuna, Mama," ta ce tana dariya, "haƙoranki nake jira su ƙarasa zubewa in kawo miki."

Bayarabiya ce haihuwar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa tsabta, tana karatun digiri na biyu a jami'ar da ke Samaru. Ta bi rumfa rumfa, kowace mace ta juye mata abin da ta tara. Zankaye ne zalla. Ta riga ta koya musu ƙa'idarta: a yanke zanko kafin a tsoma zakara a ruwan zafi, kada a sa gishiri, a ɗora a kan ƙanƙara. Na kajin gidan gona ba ta cika so ba, ƙanana ne. Na zakarun gida take nema, tsofaffi.

Da ta iso rumfar Maman Diana na kasa haƙuri na tambaye ta me ake yi da su.

"Baba, ka taɓa cin ƙwaƙwalwar rago?"

"Lokacin da nake da mai saya mini."

"To ka san laushinta. Ƙwayoyin da ke cikinta ba a busasshen wuri suke zaune ba. Akwai wani yauƙi da ke riƙe da su, dangin sukari ne amma ba shi da zaƙi, yana shan ruwa ya kumbura. Irinsa ne Allah ya cika zankon zakara da shi. Matsa wannan ka gani, ai yana dawowa. Mukan niƙa shi, mu wanke kitsen, mu tace, sai abin ya fito fari kamar zaren auduga. In aka sa masa ruwa da wani sinadari sai ya daskare, kamar romon ƙafar saniya da ya kwana."

"Sai a sha?"

"Ba a sha. Ka ga in mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa yakan bar rami. Ƙwayoyin da ke gefe suna so su miƙo su haɗu, amma ba abin da za su kama. Ana so wata rana a zuba wannan a ramin, kamar yadda ake kafa wa doya sanda ta hau."

Hannuwan Maman Diana sun tsaya cikin baho, kaza a tsakaninsu. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "In an cika ramin, magana takan dawo?"

"Abin da ake fata ke nan, Mama. Amma da sauran tafiya, gwaji muke yi."

Ta rufe kula ta wuce rumfa ta gaba. Ba ta san akwai mai irin wannan ramin a gidanmu ba, Maman Diana kuwa ba ta zancen mijinta a kasuwa.

Tun daga ranar Maman Diana ta sauya. Ta koma raira waƙa in tana wanke-wanke. Takan bi sauran rumfuna ta duba ko an yanke zanko daidai, har ta yi faɗa da wata da ta tsoma zakara kafin ta cire. Wata yamma tana tsince shinkafa a tsakar gida, Katikis na kai da kawo yana jiran tsakuwar da ba tsakuwa ba, sai ta ce, kamar da kanta take magana:

"A ƙauyenmu in za a je wurin mai magani, ba a sayen zakara a kasuwa. Na gidan mara lafiya ake kamawa, wanda ya ci daga hannunsa. In ba haka ba maganin bai san wanda aka aiko shi wurinsa ba."

"Ke da kika ce ko da wuƙa a wuya ba za ki je wurin boka ba?"

"Wannan ai ba boka ba ne, jami'a ce. Farar riga suke sawa. Ko Fadan cocinmu ba zai ce komai ba."

"Maman Diana, ki ƙyale zakaran nan. Shi ne malaminsa."

Ta yi dariya. "Malamin zagi. Baba, kai dai da son abin kallo."

Saura 'yan kwanaki Kirsimeti, wata safiya na makara, don ba abin da ya tashe ni. Da na fito rana ta riga ta hau katanga. Maman Diana na tsaye a ƙofata cikin zanin zumunta, da kula a hannu. An share tsakar gida tas, an watsa ruwa, amma a bakin magudana akwai wani baƙin gashi guda mai sheƙin kore.

"Ka raka ni Samaru, Baba. Ban san cikin jami'a ba, kai kuwa ba inda ba ka leƙa ba."

Na gane aikin gama ya riga ya gama, na ɗauki hulata. Muka bar Dominic a hannun maƙwabciyarmu matar mai walda, muka shiga bas a tashar PZ. Duk hanya ta ɗora kular a cinya ta rungume, in mota ta faɗa rami sai ta ɗaga ta sama.

Mun sha tambaya kafin mu sami ginin. Ɗakin gwajin na da sanyi da wari irin na asibiti, ga kwalabe jere, ga wani inji a lungu yana jijjiga shi kaɗai ba mai taɓa shi. Busola ta fito da farar riga, ta yi mamakin ganinmu. Kafin ta gama gaisuwa, Maman Diana ta rusuna mata har ƙasa, yarinyar da ba ta girmi Diana ba.

"Haba Mama, tashi, me ya faru?"

Ta buɗe kula. A kan ƙanƙara akwai farin hankici, ta warware shi. Zankon ne, an yanke shi daidai da ƙa'ida, har yanzu a karye gefe guda. A ƙarƙashi kuma zakaran ne, an fige shi fes, an gyara.

"Wannan na aikin ne. Naman kuma naki ne, haka ake yi. Na maigidana ne, 'yata, daga kwanonsa yake ci. A yi masa nasa daban, kada a haɗa da na kasuwa."

Busola ta dubi zankon, ta dube ni, ta jawo kujera ta zaunar da ita, ita kuma ta tsuguna. Ta tambayi abin da ya sami maigidan. Maman Diana ta faɗa mata duka, daga zarto har gwaba.

"Mama," ta ce a hankali, "ni ko ɓera ban kai ba tukuna. A cikin ɗan faranti nake gwadawa, in ga ko ƙwayoyi za su yarda su zauna a kai. Waɗanda suka fi mu nisa, yawancinsu a ɓeraye suke gwadawa. Kafin a sa wa mutum irinsa a ka, wataƙila ni kaina na yi furfura."

"Kin ce da sauran tafiya."

"Na ce."

"Na ɗauka irin daga nan zuwa bikin Ista."

"Da na san kina da mara lafiya a gida, da ba haka zan faɗa ba."

"To ko da ɗan kaɗan ne, a yi masa. In ba a sa a ka ba, in shafa masa."

"Zanko ɗaya, abin da zai fito daga cikinsa ba zai rufe farcenki ba. Kuma shafawa ba ta kai wa can, Mama. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Injin lungu ya ci gaba da jijjiga. Can Busola ta ce, "Ba ya cewa komai ko kaɗan?"

"Sai zagi."

Fuskar yarinyar ta ɗan washe. "Ai wannan abu ne babba. Masu koya wa irinsu magana, duk kalmar da ta fito kama ta suke yi, ko zagi ne, a yi ta jan ta har ta jawo 'yan'uwanta. Abin da ke sa shi yin zagin, kada a raba shi da shi. Wa yake zagi?"

Maman Diana na kallon cikin kular. Busola ta bi idonta, sai ta ɗora hannu a baki.

Bayan wani lokaci Maman Diana ta ce a nuna mata abin, ta gani da idonta. Busola ta ɗauko wani ɗan farantin gilashi, cikin waɗanda ta ce sun lalace, ta ɗaga murfin. Da farko na zaci ba komai a ciki. Sai ta karkata shi, abin ya yi rawa bai zube ba. Garau yake kamar ruwan sama, na hango tagar ɗakin a cikinsa da bishiyar da ke waje, ƙanana, suna makyarkyata. Na yi ta tunanin zakaru nawa ne a ɗigon nan, duk jan nan da carar nan da faɗan nan, an wanke an tace sun koma abin da ba shi da launi ko murya. Maman Diana ta taɓa da ɗan yatsa, ta duba yatsan.

"Kamar ba komai," ta ce.

Busola ta roƙe ta ta koma da naman. Maman Diana ta ce abin da aka kawo wa mai magani ba ya komawa gida, kuma ko ya koma ba mai iya ci. Zankon kuwa ta ce a haɗa shi da na kasuwa, tunda haka ne. Na ga lokacin da aka buɗe firji, ledoji cike da zankaye sun daskare sun yi fari, aka sa na Katikis a sama. Ya fi duk sauran girma.

Mun iso gida rana ta ɗan gota. Matar mai walda ta buɗe wa Dominic abincinsa. Ya ci tuwon, ya tura kifin gefen kwano, can kusa da hannun kujera, yana kallon ƙarƙashin tankin ruwa. Da muka shigo ya dubi kular, ya dubi matarsa, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya mayar da ido ga tankin.

Kashegari ta zo da wani jan zakara daga kasuwa. Mai kunya ne, ko tari ka yi sai ya gudu bayan bayi. Dominic ya dube shi sau ɗaya bai ƙara ba. Aka sake kawo wani, wannan ɓarawo ne na gaske, ya hau kujerar ya kwashe kifin duka, Dominic ya bar shi. Busola ta zo gaishe shi bayan sabuwar shekara, ta haɗa su da wata ma'aikaciyar asibiti mai koya wa masu irin ciwonsa magana. Suna zuwa. Matar takan nuna masa cokali, ta nuna masa hula, ya buɗe baki ya rufe. Ta ce a yi haƙuri, wani lokaci abin yakan dawo.

Yanzu Maman Diana ba ta yini a kasuwa. In rana ta kusa tsaka takan bar wa maƙwabciyar rumfa wuƙarta ta dawo gida, ita ke buɗe masa kwano. Na ɗauka don ta huta ne, sai ran nan na ga abin da take yi. Ta bari ya fara ci, ta tafi wajen tankin ruwa ta tsaya. Sannan ta zagayo a hankali ta gefen dama, mace mai jikoki, da sauran gashin kaza a ɗankwalinta, ta tsuguna a gindin kujerar, ta miƙa hannu ta figi kifin daga kwanon. Ta riƙe shi a sama inda zai gani, tana jira, fuskarta a shirye ta karɓi kowace irin kalma.

Dominic ya dubi kifin, ya dube ta. Leɓensa ya motsa. Na ajiye laimar da ke hannuna.

Sai ya sa hannun hagu ya turo mata kwanon gaba ɗaya, a hankali, don ta ci.